Ƙofar Aro

Shekara biyu ke nan da muka binne Ba Bu'azza, wato Baba Bu'azza kafinta, kuma har yau matata Sa'adiyya tana cewa in bar maganarsa haka nan, wai na ishi masu sayen kifi da ita. Ba zan bari ba. Gidan da nake kwana a ciki, hawa na uku, ɗaki biyu da falo da famfo a cikin kicin, albarkacin ƙofarsa na samu gidan. Wanda ya ci irin wannan abu ya yi shiru ba mutumin kirki ba ne, ni kuwa na riga na yi shiru sau ɗaya a inda bai kamata ba.

Sunana Abdulkabir, kifin sardin nake turawa a amalanke tun ina saurayi. A Kariyan Tahuna aka haife ni, unguwar ɗakunan kwano da ke bayan layin dogo a Kazablanka ta ƙasar Maroko, inda idan maƙwabcinka ya yi atishawa kai ne za ka fara yi masa addu'a kafin matarsa. Ɗakin Ba Bu'azza shi ne na ƙarshe a lungunmu. Da rana shago ne, da benci da zarto da gwangwanin ƙusoshi a baki, in ya gaji kuma ya shige ciki ya kwanta a katifarsa. Ya zo birni ne da mahaifinsa shekarar da fari ya kore su daga ƙauye, ba su zo da komai ba sai kayan aiki da ƙofar gidansu da suka ɗoro a keken jaki. Ƙofa ce ta katako mai kauri, shuɗiya, da manyan ƙusoshi a jere, mutum ɗaya ba ya ɗaga ta sai da nishi. Duk unguwar ita kaɗai ce ƙofa ta gaske, sauran namu guntayen akwati ne da langa-langa. Matarsa Lalla Hadda ta rasu wajen haihuwa tun kafin in yi wayo, ita da jaririn, bai kuma sake aure ba. Kowace shekara kafin babbar sallah sai ya sake wa ƙofar fenti, ya zauna a gabanta yana shan shayi.

Kada wani ya ɗauka waliyyi ne. Mutum ne mai faɗa, kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma da wanda ba ya jin yake sauraron wanda ya raina. In ka kawo masa aiki sai ya fara zagin wanda ya yi na farko, ko da shi ne ya yi. Ni kuwa ba ya kirana da suna.

"Kai mai ƙarni, matsa mini daga iska," haka yake gaishe ni kullum da safe.

"Ba Bu'azza, jiya fa kai ka cinye rabin ƙarnin."

"Na ci ne don kada ka kashe wani da shi."

Yana da wata al'ada. Duk ƙofar da ya kafa, in ya gama, sai ya rufe ta, ya tsaya a waje, ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya kara kunnensa mai ji. Ba ya tafiya sai an ce masa shigo daga ciki, ko da ɗakin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.

Wata huɗu da aurena labari ya iso cewa hukuma za ta tashi unguwar, a ba kowane gida rabin fuloti a bayan gari. Muƙaddam ɗinmu, wato mai unguwa, Si Bushta, shi ya raɗa wa mutum ɗaya a asirce, don haka kafin la'asar kowa ya ji: masu ƙidaya ba mutane za su ƙirga ba, ƙofofi za su ƙirga. Ƙofa ɗaya, lamba ɗaya, gida ɗaya. Kana da 'ya'ya uku masu aure a ciki, ruwanka, in dai ta ƙofa ɗaya kuke fita. Nan fa unguwa ta rikice. Duk mai ɗa da aure ya nemi a huda masa bango a kafa ƙofa, Ba Bu'azza kuwa shi kaɗai ne kafinta. Kwana tara ya yi bai huta ba. Ya yi ƙofa da akwatin lemo, ya yi da murfin tsohon firji, ya yi da allon tallan sabulu, har da gadon wata tsohuwa da ta ce gara ta kwanta a ƙasa jikanta ya samu gida. A rana ta tara ko katakon hura wuta babu a Kariyan Tahuna.

Mahaifiyata Lalla Mbarka ita kaɗai ta ƙi. Labule ne ya raba ɗakina da nata, a kwano ɗaya muke ci tun rasuwar mahaifina, kuma a wajenta a huda bango tsakaninta da ɗanta abin kunya ne, kamar ta kore ni ke nan. Na roƙe ta, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Sai safiyar ranar ƙidaya, Sa'adiyya ta fita bayan ɗaki tana amai, tsohuwa ta dube ta da kyau, ta lissafa a ranta, sai ta yafa mayafi ta fita ba takalmi. A lokacin masu ƙidaya har sun iso bakin famfon unguwa, su da gwangwanin jan fenti da mai ɗaukar hoto.

Ba Bu'azza ya zo yana masifa tun daga nesa.

"Kwana tara, Lalla Mbarka! Kwana tara ina wucewa ta gabanki kina gaishe ni da lafiyar ƙafa. Yau da wane katakon? Da haƙarƙarina?"

"Yarinyar ciki gare ta, Ma'allam."

Ya juyo mata da kunnen da ke ji, ta maimaita. Ya ɗauki almakashin kwano ya yanke bangon ɗakina ta gefen lungu, ya kafa gimshiƙi biyu da sandunan amalankena, sannan ya tsaya yana kallon ramin. Ya dubi sama, ya dubi ƙarshen lungu, sai ya ce in biyo shi. Ina tsaye ya kwance ƙofarsa, muka ɗauko ta mu biyu, ni a gaba shi a baya yana zagina wai ina tafiya kamar jakin da ya sha ruwa da yawa.

"Aro ne fa, mai ƙarni," ya ce yana buga ƙusar ƙarshe. "Da sun wuce ka dawo mini da ita. Ni ne na ƙarshe a lungu, kafin su iso ni an yi azahar."

Ya rufe, ya ƙwanƙwasa sau biyu, Sa'adiyya ta ce masa shigo tana dariya.

Abu biyu ne bai sani ba, mu ma ba mu sani ba. Na farko, ba a takarda kaɗai ake rubuta lambar ba, a jikin ƙofar ake zana ta. Wani yaro mai tabarau ya rubuta 214 da jan fenti a tsakiyar shuɗin nan, aka tsayar da ni da Sa'adiyya a gabanta aka ɗauki hoto, Si Bushta ya ɗaga murya ya ce duk ƙofar da aka motsa daga yau lambarta ta mutu. Na biyu, masu ƙidayar sun rabu gida biyu don su gama da wuri, wasu suka shigo ta ƙarshen lungu. Lokacin da suka tsaya a ɗakinsa shi yana can wani gida, ƙofar murfin firjin nan ta faɗo yana gyarawa. Suka ga benci, suka ga zarto, suka ga ɓawon katako a ƙasa, ba ƙofa, sai suka rubuta shago. Wata maƙwabciya ta rantse musu nan yake kwana shekara arba'in. Mai littafin ya ce ai mai gadi ma a shago yake kwana, suka yi gaba.

Da yamma na je na same shi yana miƙe lanƙwasassun ƙusoshi kamar ba abin da ya faru. Na ce mu je wajen Si Bushta mu faɗi gaskiya.

"Wace gaskiyar? Cewa ƙofar da ke ɗauke da lambarka ta aro ce? Kai da hankali sai a lahira. Kuskure ne na alƙalami, za a gyara. Ga zaɓe nan tafe."

Za ka ce kafinta ne, me ya hana shi yin wata ƙofar? Doka ce ta hana. Bayan ƙidaya duk sabuwar ƙofa maguɗi ce, a ɓalle ta a kuma sa sunan mai ita a cikin waɗanda ba za a sake saurara ba. Don haka mutumin da ya kafa wa unguwa guda ƙofofi ya rataya tsohon bargo a bakin ɗakinsa. Ya ce na wata biyu ne. Shekara goma sha ɗaya bargon ya yi a wurin, ana canza shi in ya ruɓe. In sanyi ya shigo, iskar teku da ruwa sukan shiga har kan katifarsa, tun daga nan ya kamu da tarin da bai sake shi ba. Ni kuwa ina kwance bayan katako mai kauri da sakata, ina jin tarin nan daga ƙarshen lungu.

Zaɓen ya zo kamar yadda ya faɗa. Aka zana gidajen fosta a bangon makarantar firamare, kowane ɗan takara da nasa gurbi da lambarsa. Ba Bu'azza ya tsaya yana kallo ya ce mini, "Ka ga, ko takarda ta samu ɗaki da lamba." Mai neman kansila a mazaɓarmu Alhaji Ma'aɗi ne, mai gidan wanka da gidan burodi, alamarsa tsani. Ya kafa rumfa a filin ƙwallo, aka yi kuskus da kaji, ya bi lungu lungu yana sumbatar kan tsofaffi. Da ya iso bargon nan ya ji labari, sai ya dafa ƙirji.

"Ma'allam Bu'azza, wannan ai a wuyana yake. Ranar da na zauna a kujera, takardarka ce ta farko. In ban yi ba ka tofa mini yawu a gaban jama'a."

Tsoho ya yarda, wallahi ya yarda har zuciya. Shi ya haɗa bencinan taron duka bai karɓi ko dirhami ba. Ranar zaɓe ya sa farar jallabiyarsa ta sallah, ƙarfe takwas bai cika ba yana bakin makaranta, ya fito yana nuna wa kowa tawadar da ke yatsansa. Alhaji ya ci. Daga nan Ba Bu'azza ya fara zirga-zirga ofishin ƙaramar hukuma duk ranar Talata, da takardunsa a cikin ledar burodi: shaidar zama, katin ɗan ƙasa, da katin zaɓe wanda aka rubuta Kariyan Tahuna, lungu na shida ɓaro-ɓaro a jiki. Kullum Alhaji yana taro, ko ya tafi Rabat, ko yanzun nan ya fita. Tsoho yakan dawo ya ce mini, "Mai ƙarni, abin mamaki. In ƙuri'a suke so sun san inda nake kwana."

Zaɓe na biyu wani malamin makaranta ya fito, alamarsa kwando, ya ce shi ɗan talakawa ne. Shi ma ya dafa ƙirji, sai dai shi bai kawo kaji ba. Ba Bu'azza ya sake sa farar jallabiya. Malamin ya faɗi, Alhaji ya ji labarin wanda tsoho ya zaɓa, don a unguwarmu ba a ɓoye komai, sai ma ya daina amsa gaisuwarsa. A tsakanin nan aka haifa mini Rashida, aka haifi Ilyas, aka haifi Nuhaila. A ƙofar nan suka koyi tsayuwa, suna dafa manyan ƙusoshinta. Kowace babbar sallah yakan zo da gwangwanin shuɗin fenti ya shafe ta, yana zagaye jan rubutun da ɗan ƙaramin buroshi don kada ya taɓa shi. Mahaifiyata takan aika masa da miya kullum, ba ta taɓa fashi ba, kuma ba ta taɓa iya kallon idonsa ba.

Ana sauran wata biyu zaɓe na uku aka ce tashin unguwa ya tabbata, an kuma kafa kwamitin sauraron ƙorafi. Alhaji yana bukatar kowace ƙuri'a a wannan karo, sai ya tuna da Ma'allam, ya aiko yaransa su ce ya kawo shaidu goma sha biyu a rubuta masa shaidar zama a gaban malaman shaida. Ba a sha wuya ba, mutum talatin ne suka fito, sai da aka mai da wasu gida. Ni ne na farko da na sa hannu. Muka tafi zauren ƙaramar hukuma ranar Alhamis, shi da ledarsa da jallabiyarsa, ni na bar amalanke a gida na bi shi. Na faɗa wa Sa'adiyya cewa in ta kama zan faɗi komai. Ba ta ce kada in faɗa ba, sai ta dubi yara kawai ta ci gaba da tankaɗe.

Tun muna layi na ga abin da ban zata ba. Kwamitin ba gyara kaɗai yake yi ba, har da soke lamba. Kafin a kira mu gida bakwai aka soke wa lamba saboda ƙofar maguɗi, na ga wani ƙato da na sani a tashar jirgin ruwa ya fito yana kuka kamar yaro. Aka kira Bu'azza ɗan Larbi. Na zauna a bencin baya. Mutum huɗu ne a tebur, shugabarsu wata mata ce injiniya, matashiya, kuma ba ta da wulaƙanci, har ta sa aka kawo masa kujera. Ta karanta takardar shaidu, ta gyaɗa kai, sannan ta buɗe babban kundin hotuna ta juyo masa da shi.

"Baba, na yarda an san ka a unguwar. Amma ga hoton wurin ranar ƙidaya, ba ƙofa, ba ma labule. Kai kafinta ne. Ɗakin kwanan mutum ai da ƙofa. Ina ƙofarka ta tafi a ranar? In an cire ta ne don wani dalili, ka faɗa mana inda take, mu duba, mu gyara maka yau ɗin nan."

Daga inda nake ina hango shafin. Hoto huɗu ne a jere, nasa a ƙasa, a sama da shi kuwa ni ne da Sa'adiyya muna murmushi a gaban shuɗiyar ƙofa. Yatsan matar yana kusa da fuskata.

Ba Bu'azza ya juyo ya dube ni. Shekaru na yi ina gaya wa mutane cewa kallon nan ne ya hana ni magana, wai ya harare ni. Ƙarya nake yi. Tun kafin ya juyo na riga na sunkuyar da kai, na riga na gama ƙirga 'ya'yana, na riga na yanke cewa ba zan tashi ba. Abin da ya gani ke nan da ya juyo. Sai ya mai da fuskarsa ga matar.

"'Yata, ban taɓa yin ƙofa a wurin ba."

"Shekara arba'in, Baba?"

"Me za a sata? Zarto?"

Wani a teburin ya yi dariya. Matar ba ta yi ba, ta daɗe tana kallonsa, ina jin ta san akwai magana a ƙasa. Ta sake tambaya a hankali, ya juya mata kunnen da ba ya ji. Sai ta rubuta, aka buga hatimi: shago. Aka ce in an gina kasuwa a sabuwar unguwa za a duba masa rumfa. Har yau filin kasuwar awaki ne ke kiwo a ciki.

Da muka fito ban iya haɗa ido da shi ba. Ya ja ni wata rumfa ya sayo mana miyar wake da burodi, ya zuba man zaitun a tawa da hannunsa.

"Ci mana. Ka yi fuska kamar kifinka na jiya."

"Ba Bu'azza, da na tashi..."

"Da ka tashi da na fasa maka kai da kujerar nan. Mutum biyar da tsohuwa a kan titi, don a ba tsoho ɗaya bene ya hau yana haki? Ni na kwance ta da hannuna, ba wanda ya sa ni." Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki. "Amma dai da ka ɗan motsa, ko yaya, don in samu abin hanawa."

Ya faɗa ne yana dariya. Ni dai ban iya cin miyar nan ba, kuma har gobe in na ji ƙamshinta sai in tsallaka titi.

Alhaji ya sake ci, aka fara tashin unguwa bayan wata huɗu. Ƙa'idar ita ce kai za ka rushe ɗakinka da hannunka, muƙaddam ya gani, sannan a miƙa maka takardar fuloti. Ba Bu'azza ya bi gida gida yana kwance ƙofofin da ya kafa, don ya ce ba zai tsaya yana kallo a fizge su da ƙarfe ba. Tawa ce ta ƙarshe. Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihu, muka jingine ta a tsakiyar fili, ba bango gaba ba bango baya.

"Ga kayanka, Ba Bu'azza."

"In kafa ta a ina? A jikin iska? Riƙe mini tukuna."

Nasa ɗakin katafila ce ta ture shi, tunda shago ba ya cikin lissafi. Sabuwar unguwa kuwa muna kiranta Ƙarshen Layi, don a nan bas ke juyawa. An haɗa gida biyu biyu a fuloti ɗaya, ɗan kwangila ya gina hawa huɗu, ya ɗauki biyu ya ba mu ɗai-ɗai. Da aka gama namu na hau da shuɗiyar ƙofar zuwa saman rufi na jingine ta kusa da igiyar shanya, na kawo tsoho na shimfiɗa masa a falo. Mako uku ya yi. Ba wanda ya ɓata masa rai, Sa'adiyya har ruwan zafi take kai masa, yara suna kiransa kaka. Amma in zai shiga banɗaki sai ya ƙwanƙwasa, in zai shiga kicin sai ya ƙwanƙwasa, in ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a waje har a ce masa shigo. Wata safiya ya naɗe katifarsa ya ce ya samu aikin gadi a wajen wani gini, da rumfar kwano ta ajiye siminti. Na yi faɗa, mahaifiyata ta yi kuka, ko gezau.

"Falo na baƙi ne, mai ƙarni. Baƙo kuma kwana uku ne, ni har na yi mako uku."

Shekara uku ya yi yana bin gine-gine, in an gama wannan ya koma wancan. Kullum da safe nakan biya in ajiye masa sardin huɗu a takarda, ya zage ni, in wuce. Zaɓen da ya biyo baya ya sa farar jallabiya ya hau bas biyu zuwa tsohuwar makarantarmu. Aka duba aka ce ba sunansa, an mai da masu lamba sabuwar mazaɓa, sauran kuma an goge tunda unguwar babu ita. Ya dawo da yatsansa fes. Bai yi mini maganar ba, mai shayin bakin ginin ne ya gaya mini.

Mai shayin nan ne kuma ya same shi wata safiyar Laraba cikin sanyi, kwance ba rai a kan buhunan siminti, ledar takardunsa a ƙarƙashin kai. Kan ka ce me mutanen Kariyan Tahuna sun taru daga kowane bene, har waɗanda na shekara ban gani ba. Ba a yi awa ɗaya ba motar ƙaramar hukuma ta sauke rumfar zaman makoki da kujeru hamsin, da gaisuwar Alhaji. Na rantse a tsawon shekarun nan shi ne abu na farko da suka kawo masa a kan lokaci.

Sai maganar wanka ta taso. Masallacinmu ba a gama shi ba, ba ɗakin wankan gawa, ba katakon da ake ɗorawa. Rumfar da ya rasu a ciki kuwa duk ƙasa ce da ƙurar siminti. Si Hammadi, limaminmu, ya ce a nemo katako mai faɗi mai tsabta. Aka duba wajen magina, duk siraran katakai ne da siminti ya bushe a jiki. Gidajenmu kuwa duk ƙofofin ƙarfe ne. Ana ta shawara sai mahaifiyata, wadda a lokacin da kyar take tsayuwa, ta kama hannun rigata.

"Abdulkabir, hau ka sauko masa da kayansa."

Ni da ɗana Ilyas muka sauko da ita hawa huɗu. Rana da ruwa sun ci shuɗin, don tun da muka tashi ba wanda ya shafa mata fenti, amma jan rubutun yana nan raɗau. Muka ɗora ta a kan bulo huɗu a cikin rumfar. Kafin a ɗago shi na sa hannu na ƙwanƙwasa sau biyu, ban san lokacin da na yi ba. Ba wanda ya yi dariya, duk wanda ke wurin ya san abin da ake jira. Sai Si Hammadi ya ce, a hankali, "Shigo da shi."

Tsawonta daidai tsawonsa. Ni na zuba ruwa liman yana wankewa, ina kuka ban ɓoye ba. Da safe ya ba ni ita ya ce in dawo masa da ita kafin azahar, sai da na yi shekara goma sha huɗu.

Bayan mun dawo daga maƙabarta liman ya roƙe ni in bar wa masallaci ƙofar, tunda har yanzu ba su da wani katakon. Na ce ba tawa ba ce balle in bayar, amma mai ita bai taɓa hana aro ba. Tana nan a bayan masallaci, duk wanda ya rasu a Ƙarshen Layi a kanta ake wanke shi. Mahaifiyata ta hau ta bara. Kafin kowace babbar sallah nakan je da gwangwanin shuɗin fenti in shafe ta, in zagaye jan rubutun kamar yadda yake yi. Liman ya taɓa cewa in shafe lambar mana, ai ta gama aiki. Na ce a bar ta, tawa ce, kuma ina nan zuwa.